Tankin roba ko na mai walda: wanne za ka ɗora wa DR650?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wane babban tankin mai za ka ɗora wa babur ɗinka Suzuki DR650. Tsakanin tankin roban da ake kawowa daga waje da wanda mai walda zai yanka ya faɗaɗa maka, na roba za ka saya. Ni tankin roba na kamfanin Acerbis mai lita 20 ne a kan tawa DR650 ɗin, kuma ko yau aka sace shi gobe irinsa zan nema.

Tankin da Suzuki ta ɗoro wa babur ɗin lita 13 ne. Idan injinka lafiya lau yake, lita ɗaya za ta kai ka wajen kilomita 20, a yashi kuwa ba ta kai haka ba. Ka ga kenan da ka wuce kilomita 200 hankalinka ya koma kan mai, ka daina kallon hanya ka koma neman mai kwalba a bakin titi. Da lita 20 kana maganar kusan kilomita 400. Akwai mai lita 25 na kamfanin Acerbis ɗin, IMS na Amurka suna da nasu mai lita 18 da ɗoriya, Safari na Ostareliya kuma har lita 30 suke yi. Amma fetur nauyi ne da shi, kowace lita wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ce, kuma can sama yake zaune. Mai lita 25 idan ka cika shi ka ƙara wa babur kusan kilo 9 a gaban cinyarka fiye da tankin asali, za ka ji shi a kan babur da zarar tayar gaba ta nutse a rairayi. Idan ba Agadas ka nufa ba, 20 ta ishe ka.

Abin da ya sa na ƙaunaci nawa, wata tafiya ce da muka yi wajen Yusufari kallon tuddan yashi. Farin tanki na ɗauka, irin wanda ake hango mai ta jikinsa. Duk inda muka tsaya sai abokan tafiya su buɗe murfi suna girgiza babur suna kasa kunne, ni kuwa leƙawa kawai nake in ga layin mai ya tsaya a ina. Da la'asar tayar gaba ta kwace mini a wani gangare, babur ya kwanta ta hagu a kan wani kututture da yashi ya rufe. Na tashi ina cewa shi kenan, an huda. Da muka ɗaga sai ga ƙarzuwa kamar tsawon yatsa, ko ɗigo babu. Roba ce mai kauri, tana lotsawa ta dawo. A daren nan ni na zuƙo wa mutum biyu mai da tiyo suka isa Gashuwa.

Na mai walda kuwa araha ne, iyakar alherinsa kenan. Na taɓa hawa da shi: tsatsa daga wurin ɗinkin ta riƙa sauka cikin kafireta, gargadar hanya kuma ta buɗe masa tsaga siririya da ke jiƙa min wando da fetur. Kuma duk wanda zai kai wuta jikin tankin da ya taɓa shan fetur, kada ka tsaya kusa da shi, tururin da ya rage a ciki ya fi man kansa haɗari.

Kada wani ya ce maka ka bar duka biyun ka ɗaure jarka a baya. Tun 2021 da Zamfara da Katsina suka hana sayar da fetur a jarka, mutum a kan babur da jarka a daji bayani yake yi a kowane shingen bincike. Babban tankin ma yana jawo tambaya, don haka takardun babur da rasitin tankin su zauna a aljihunka.

Wajen ɗorawa ka tsaya a kan bakanikenka, don akwai abubuwan da suke tsallakewa. Famfon mai na asali da zuƙar iskar inji yake buɗewa, na sabon tankin kuwa da hannu ake murɗa shi, saboda haka dole a toshe ƙaramin bututun iskan da ya rage a jikin kafireta, in ba haka ba inji zai riƙa shaƙar iska yana tari a sulo. Kai ma ka saba da rufe famfon idan ka ajiye babur. Sannan gefunan tankin suna sauka ƙasa sosai, bakin da mai ke shiga kafireta kuma sama yake kallo, sai ka ga babur ya mutu alhali ga mai nan kana gani. Ana juya bakin a hankali ya kalli ƙasa, a ja tiyo ba tare da ya yi doro ba, a sa ƙaramar filta a tsakani. Ka murɗa kan babur dama da hagu har ƙarshe ka tabbata sigina da shokazoba ba sa dukan tankin. Robobin da tankin ke zama a kansu a mayar da su, kada a ɗaure noti kamar ana fushi da shi. Tiyon murfi kuma kada ya lanƙwashe, ta nan tanki ke numfashi.

Abu ɗaya da za ka haƙura da shi: sitika ba ta zama a tankin roba, tururin fetur yana ratsowa ya kumbura ta, farin kuma yana komawa ruwan ƙwai da daɗewa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗora hoton na asali a intanet su aiko maka da jabu mai laushi wanda rana ɗaya ta Kano za ta sa ya saki. Wasu kuma da galan suke cin mutane: galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, don haka 5.3 shi ne lita 20, 6.6 shi ne 25, kada a lissafa maka da galan ɗin kasuwa. Ka tambayi shekarar babur ɗin da aka yi tankin dominsa, domin DR650 daga 1996 zuwa yau jiki ɗaya ne, na kafin nan daban yake, kuma mai cewa "yana shiga kowane babur" bai taɓa ɗora ko ɗaya ba. Idan na hannu ne, ka duba ramukan noti na wurin famfo, nan ne suke kwancewa su fara yoyo, ka sa a zuba mai a gabanka ya ɗan jima a rana. Kada ka tura ko sisi sai ka ga bidiyon tankin da murfinsa da famfonsa da ƙarafan ɗaurinsa, don waɗannan ƙananan kayan su ne ba a samu a kasuwa idan suka ɓace.