Galiyom da manganis a gurbin ayon: ɗaya guba, ɗaya garkuwa

Ƙanina mai karatun haɗa magunguna a jami'ar KNUST da ke Kumasi ya yi tambaya jiya da dare. Ya ji an ce galiyom yana kashe bakteriya ta hanyar shiga gurbin ayon (iron, ƙarfen nan na cikin jini) a furotin ɗinta, ya kuma ji an ce manganis yana cetonta ta wannan hanya. Wacce zai kama? Ƙanina, kama duka biyun. Abin dubawa shi ne aikin da ayon yake yi a wurin kafin a ture shi.

Leƙa Magazin a Suame, wajen masu gyaran wutar mota. Noti ya ɓace, an sa na tagulla: muddin ya ɗauru, ya riƙe, an gama. Amma feƙe itace daidai girman fiyus ka cusa. Zai zauna daram, fitila kuwa ko ƙyas. Ayon ma a wasu furotin riƙo kawai yake yi. A wasu kuma ilektron ke ratsa shi, yana kai da komo tsakanin caji 2 da caji 3.

Galiyom shi ne itacen nan. Cajinsa 3, girmansa 0.62 a angstrom (ma'aunin girman atom), na ayon mai caji 3 kuwa kusan 0.65. Wa zai bambance? Furotin masu dakon ayon, irin FbpA na bakteriyar Neisseria, cafke shi suke yi da hannu biyu. Sai an shigar da shi gida ake gane ba ya saukowa caji 2 a jikin mai rai, aiki ya tsaya cak. A 2007 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Seattle suka nuna yana hana bakteriyar Pseudomonas aeruginosa yaɗuwa a ɓeraye, a 2018 kuma aka wallafa ƙaramin gwaji kan masu wata cutar huhu ta gado, numfashinsu ya ɗan inganta. Kada ka yi saurin kiransa magani: wanda ake sawa ta jijiya yana iya taɓa ƙoda. Ƙarfe ne mai ban dariya, a ma'aunin zafi 30 yake narkewa, tafin hannunka ma ya ishe shi, kuma daga bokzait ake tatso shi, irin dutsen da ake haƙa a Awaso.

Manganis ba ɓarawo ba ne, mai gida ce ta kira shi. In garkuwar jiki ta watsa wa bakteriya haidirojin feroksaid, ayon mai caji 2 yakan haɗu da shi ya ƙone furotin ɗin da yake zaune a ciki. Bakteriyar E. coli tana jin haɗarin ta furotin OxyR, sai ta buɗe ƙofar MntH ta jawo manganis. Ɗakin binciken James Imlay a Illinois ya nuna yana hawa kujerar ayon a inzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadarai) irin Rpe, inda riƙo ne aikin, kuma feroksaid bai dame shi ba. Notin tagulla ke nan. Borrelia burgdorferi, mai kawo cutar Lyme a Amurka da Turai, ta ma yi sallama da ayon, kamar yadda aka bayyana a 2000.

Sai dai misalina yana da ɗingishi, gara in faɗa kafin malaminka ya kama ka. Manganis ma yana sauya caji. E. coli tana da inzayim SOD, mai kawar da gubar oksijin, iri biyu: mai ayon da mai manganis, siffarsu kamar an tsaga kara, amma ka musanya musu ƙarfe, kusan duk sun mutu, domin kowane furotin ya saita kujerarsa ne daidai da ƙarfensa. SodM, wani SOD na bakteriyar Staphylococcus aureus, kuwa da kowanne yana aiki. Jikinmu kan ɓoye manganis da furotin kalfirotektin don ya galabaitar da ita, ita kuma sai ta ɗora ayon a kujerar ta ci gaba da harkarta.