Littafin Kuɗi ko na Labari? Amsa ga 'Yar Uwarmu Mai Shagon Atamfa

'Yar uwa, kin ce kina da ɗan shagon atamfa, ba ki samun zama sai bayan isha'i, kina tambayar wanne za ki ba lokacinki bana: littattafan kuɗi da kasuwanci, ko na labarai. Bara duka na taɓa, ga abin da na gani.

Na kuɗi suna da amfani, amma ɗaya ya ishe ki. The Richest Man in Babylon na George Clason, wanda ya fito a 1926, kashin bayansa magana ɗaya ce: duk abin da ya shigo hannunki, ki ware kashi ɗaya cikin goma kafin ki taɓa sauran. Yawancin waɗanda suka biyo bayansa wannan maganar suke sauya wa riga. Inda suke ba ni haushi, da ɗan Amurka suke magana. Sai ki ji ana cewa a ci bashin banki a sayi gida a zuba 'yan haya, alhali mu kuɗin ruwa muke gudu, ga hauhawar farashi da ta haura kashi 30 cikin ɗari a Najeriya a 2024. Ba za ki ga babin adashi ba, balle na ƙanwar miji da ta ɗauki turmi uku ta ce sai ƙarshen wata.

Na kasuwanci kuwa, da ki bi tarihin masu kamfanonin waje gara ki nemi na Alhassan Ɗantata, yadda ya tashi daga fataucin goro ya koma gyaɗa. Ya rasu tun 1955, gidansa har yau yana kasuwa.

Na labarai ne suka fi zama a raina. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Alhaji Abdu mai tufafi ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan. Nan za ki ga yadda jari ke zurarewa ta hanyar aure, fariya da hidimar dangi, wato ainihin abin da ke cinye shago irin naki. Kuma mai gajiya ba ta gyangyaɗi a kansa.

Don haka ki fara da Clason, wata guda ya ishe ki. Ki sayi littafin rubuta bashi ki ajiye kusa da almakashi, sauran shekarar ki bar wa labarai.