Ganau ko mai bincike: littattafai kan shirya tsofaffin fina-finai

Littattafan da ke bayyana yadda aka shirya fitattun tsofaffin fina-finai sun kasu biyu: na ganau, da na mai binciken da ya zo daga baya.

A cikin littafinta mai suna Picture, wanda ya fito a 1952, Lillian Ross ta bi darakta John Huston sau da ƙafa yayin shirya The Red Badge of Courage, ta kuma shaida yadda shugabannin kamfanin fina-finai na MGM suka datse fim ɗin zuwa kimanin minti 70 bayan 'yan kallon gwaji sun ƙi karɓarsa. Mai karatu yana jin gardamar kamar a gabansa ake yi, sai dai abin da ya faru a bayan idonta ba ya ciki.

Aljean Harmetz kuwa ta rubuta tarihin fim ɗin Casablanca a 1992, shekara 50 bayan fitowarsa, ta dogara da wasiƙun kamfanin Warner Bros. da ya shirya fim ɗin da hirar waɗanda suka rage a raye. Wasiƙu sun adana kasafin kuɗi da sauye-sauyen rubutun labari daki-daki, amma tsofaffi kan ƙara wa tunaninsu gishiri. Ɗalibin tarihi zai fi amfana da nata, ko da yake na Ross ya fi daɗin karatu nesa ba kusa ba.