Man gashi kala biyu da na gwada, da yadda hulata ta biya kuɗin

Tun bayan ƙaramar sallah abokai ke tambayata wane mai nake shafawa a kai, har wani ya biyo ni shago wai sai na nuna masa gwangwanin, to bari kawai in rubuta a huta. Ni ba mai aski bane, cajin waya da POS nake yi a wani ƙauye ta wajen Taura, abin da kaina ya gani kawai zan faɗa.

Asalin abin wani ƙanen abokina ne ya dawo daga Legas kansa ya kwanta luf, layi-layi kamar kunyar gyaɗa bayan ruwan farko, wannan da samari ke cewa wef. Ni da tun tasowata tal kwabo nake yi wajen wanzami, daga baya na koma kilifa, sai naji nima ina so. Mai askina yace oga ai mai sauƙi ne, ka bar gashin sati uku mu yi saisaye, ka nemo fomed, wato man kwantar da gashi, da buroshi.

Ranar Lahadi na hau mashin na tafi Gujungu. Wajen masu kayan shafe-shafe na samu wani ɗan gwangwani ruwan lemo, mai kayan yace wannan ɗan Amurka ne. Daga baya na gane kamanni kawai aka ara. Na ainihin da ake kwaikwayo shi ne Murray's, wanda tun 1926 ake yinsa a Amurka, shi kuma nawa sunansa daban, harafi ɗaya biyu aka juya, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba adireshin kowa. Ba zan kama suna ba. Naira 1,800 na biya bayan mun sha ciniki, har ina murna na yi wayo.

Lokacin hunturu ne, da na buɗe shi washegari da safe ya daskare kamar kakin zuma, sai da na sa farce na kankaro. To ni ban san ƙa'ida ba, na lakato kusan cikin cokali na dangwala a tsakiyar kai na hau murzawa. Ya ƙi bazuwa, ya dunƙule waje ɗaya, gashin wajen ya manne kamar an zuba ƙaro. Na ƙara wani ta gefe don ya daidaita. Na ƙara ta ƙeya. Kafin in fito daga ɗaki na cinye kwatan gwangwani, kai yana ta ƙyalli, ni kuma ina ganin na haɗu.

Daga gidanmu zuwa bakin titi tafiyar kamar minti ashirin ce a mashin, hanyar burji, ga motocin yashi. Wallahi ina isa shago na duba madubin mashin naga kaina ya koma ja, kamar wanda ya kwana a wajen sussuka. Duk ƙurar da ta taso ta samu wajen zama. Wani dattijo da yazo cirar kuɗi ya kalle ni yace ɗana furfura ce ta fito maka da wuri haka ko lalle ka sa? Yaran da ke zaune kan benci suka kwashe da dariya.

Wanki kuma nan ne aka yi ta. Sabulun wanka sau uku, ruwa kawai yake zamewa kamar a bayan agwagwa. Sai da Inna ta ɗumama min ruwa na sa sabulun salo, nan ma sau biyu, kafin naji fatar kaina. Wanda yake sayen ruwa wajen 'yan garuwa ya lissafa wannan cikin kuɗin man, don rabin jarka ya tafi a kai kaɗai. Dalili kuwa, irin wannan mai kauri ɗan uwan basilin ne, daga ɗanyen man fetur ake tace shi, wasu su ƙara kaki, shi da ruwa kuwa ba sa ga maciji.

Duk da haka ban daddara ba, na ci gaba da shi kusan wata biyu, sai dai na rage yawa. Kuma in faɗi gaskiya yana kwantar da gashi, nan kam ba ƙarya. In ka shafa ka bi da buroshi daga tsakiyar kai zuwa gaba, gefe zuwa kunne, baya zuwa ƙeya, ka ɗaure ka kwana, da safe zaka ga layin ya fara fitowa. Ni tsohon kallabin matata na yanka nake ɗaurewa, ranar da Inna ta leƙo ta ganni sai da ta yi salati tace yau kuma me zan gani, maza ma sun fara ɗaurin ɗankwali.

Abu biyu ne suka raba ni da shi. Na farko ƙuraje. Ƙanana-ƙanana suka jeru min a goshi daidai inda gashi ya ƙare, wasu a ƙeya, da na ɗauka zafi ne har na fara shan saɓara. Wani ma'aikacin lafiya da yake kawo caji wajena ya duba yace man da kake labtawa ne yake toshe ƙofofin fata, in zufa ta gangaro da shi sai ya zauna a goshi. Na daina kwana goma suka baje da kansu.

Na biyu hula, ita ce har yanzu take min ciwo. Zanna Bukar ɗina ce ta aure, fara da ruwan toka, ba na sa ta sai Juma'a ko ɗaurin aure. Cikin watan Afrilu muka je ɗaurin aure Ringim, kowa ya san zafin lokacin, yakan wuce digiri 40. Man da yake kamar dutse da hunturu ashe da zafi narkewa yake kamar man shanu a kan tuwo. Muna tsaye a rana ina jin abu yana bin bayan kunnena, na sa hankici na goge, na ɗauka zufa ce. Da na dawo na cire hular, zagayen bakinta gaba ɗaya ya yi baƙin maiƙo har ya ɓullo ta waje, wuyan shaddar ma bai tsira ba. Na kai wa mai wankin hula, ya jujjuya ta yace Malam wannan mai ya riga ya shiga zare, zan yi iya yina amma kar ka sa rai. Sau biyu ya wanke ya ɗora a kan gungume, inuwar tana nan.

Bayan nan ne na shiga Kano sarin caja da iyafis, na biya Sabon Gari, wani mai shago ya nuna min kala na biyu, mai ruwa-ruwa a roba, kamar jel amma ya fi shi kauri. Shi ya koya min dubawa, yace ka juya bayan robar ka karanta abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi, don wanda ya fi yawa shi ake sa wa a farko. In kaga Petrolatum ko Mineral Oil to mai maiƙo ne, in kaga Aqua ko Water to na ruwa ne. Wannan kaɗai ya fi min duk surutun masu talla. Naira 4,500 na saya, ya fi wancan tsada nesa ba kusa ba, amma yana da lamba da kwanan wata.

Shi wannan ba ya bin hula, ba ya kama ƙura sosai, ruwa zalla ma yana fitar da shi, wankan Juma'a ba sai an hura wuta ba. Hankalina ma ya fi kwanciya wajen alwala da wankan tsarki, don da wancan kullum sai in riƙa jin kamar leda ce a kaina. Amma shima da nasa. In ya bushe gashi yakan yi ƙarfi kamar tsintsiya, shafar kai ɗaya biyu a alwala ya fara saki, in ka je gona kayi zufa kuwa kafin azahar babu shi. Kuma da iska ta kaɗa sai naga kaina yana bushewa har amosani ya fara fari-fari a kafaɗa. Ga saurin ƙarewa. Ga ƙamshin ma ya yi min yawa, yana faɗa da turarena.

Yadda nake yi yanzu, bayan wanka in goge kai da tawul in bar ɗan danshi, in ɗebo daidai ƙwayar gyaɗa ɗaya, ɗaya fa, in murza a tafin hannu har ya ɓace in ji ɗumi, sannan in shafa in fara daga baya in taho gaba, don abin da zai iso goshi ya zama saura ne kawai. Buroshi minti biyar, in goge goshi da bayan kunne da jiƙaƙƙen tsumma, in jira ya sha iska kafin hula ta hau. Juma'a da ranar biki kawai. Sauran ranaku man kaɗanya nake ɗan shafawa da dare, wanda mata ke sayarwa a kasuwa, warinsa sai haƙuri amma amosanin ya tafi. Buroshin ma a riƙa wanke shi, nawa da na duba ƙasansa har kunya naji.

Kawuna ya ga robar yace ko irin mai rufe furfura ne, nace a'a Kawu, naka Morgan's ne na Ingila, shi aikinsa daban, a hankali yake duhunta gashi, wannan kwantarwa kawai yake yi. Yace to ku dai yaran zamani, mu man alayyadi ya ishe mu.

In maki ne, na Gujungu in bashi uku cikin goma, ukun ma don ya kwantar da gashi ne. Na ruwan in bashi bakwai. Ragowar gwangwanin farko yana nan a shago, sarƙar keken ƙanena muke shafa wa kuma tana gudu lafiya lau. Hular kuwa shi na ba, da ita yake zuwa kiwo.