Sharhi kan haɗakar siklid da aka zuba min a tankin falo

Jama'a masu kiwon kifin ado, ga abin da na gani bayan wani mai shago ya haɗa min tanki ya kuma zuba min abin da suke kira haɗakar siklid, wato kifayen dangin karfasa kala-kala a tanki ɗaya wai ai duk dangi ɗaya ne za su zauna lafiya. Ba zan kama sunan shagon ba don ba shi kaɗai ke yi ba, kusan duk inda ka shiga haka ake sayar da su. Aikin tankin kam ya yi kyau sosai, zaɓen kifin ne bai yi ba ko kaɗan, kuma shi ne ya ci min rai don rayuka aka yi asara.

Bari in ba shi haƙƙinsa tukunna. Tankin ƙafa 4 ne, yana cin ruwa wajen lita 200, gilashi mai kauri, har yau ko ɗigo bai taɓa yi ba, filtar ma irin ta waje ce da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ba ta da ƙara. Abin da ya fi burge ni shi ne bai yarda ya zuba kifi a ranar ba, ya ce a bar ruwan ya yi ta zagayawa na wasu makonni har ƙwayoyin nan masu cinye gubar kashin kifi su zauna a cikin filta. Wannan gaskiya ne, da yawa ba sa gaya maka.

To sai kifin. Ya kawo yalo lab, auratus, kenyi, da oska biyu, konbik biyu, juwel biyu, dukkansu ƙanana ba su wuce ɗan yatsa ba, kuma wallahi a farkon nan abin gwanin sha'awa, duk wanda ya shigo falo sai ya tsaya kallo. Matsalar ita ce siklid yana ƙarami ba ya nuna halinsa, sai ya balaga.

Su waɗannan kifayen ba ma duka ne suka fito daga nahiya ɗaya ba. Yalo lab da auratus da kenyi 'yan Tafkin Malawi ne, cikin rukunin da ake ce wa mbuna, a tsakanin duwatsu suke rayuwa, yawancinsu suna kankarar gansakuka, ruwansu mai kauri ne wato mai yawan ma'adinai, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami ko kanwar ruwa, yana kai wa wajen 8. Oska daga yankin Amazon yake a Kudancin Amurka, ya fi son ruwa mai laushi wato mai ƙarancin ma'adinai, maci nama ne kuma yana kai santimita 30 cikin sauƙi. Konbik ɗan Amurka ta Tsakiya ne. Juwel kuwa namu ne na nan Afirka ta Yamma, jan nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi, kyau kam ba a magana amma faɗa ne da shi. Karfasar da muke soyawa ma siklid ce fa, duk wanda ya taɓa kiwonta a kududdufi ya san yadda namijin ke haƙa rami a ƙasa ya tsare shi ba mai zuwa kusa, to wannan halin ne a jininsu duka.

Juwel ne suka fara. Suka zaɓi wani faffaɗan dutse suka goge shi tas, macen ta saka ƙwai a kai, daga ranar kusan rabin tankin ya zama nasu, uwa da uba suna gadi, duk wanda ya gifta sai an bi shi har ƙarshen gilashi. Ba a jima ba konbik su ma suka yi nasu a ɗaya gefen, su kuma ba sa gajiya da haihuwa, ɗan kifin da bai wuce santimita 12 ba amma yana tunkarar oska ba tsoro. Sauran duk aka matse su a tsakiya, a tsakiyar kuma ga namijin auratus da ya rikiɗe daga rawaya ya koma baƙi-baƙi ya fara nasa mulkin, kamar dai ka tara zakaru a akurki ɗaya. Namijin kenyi shi ma da ya girma sai ya bar shuɗi ya koma rawaya, sai ya zama duk wani mai launin rawaya abokin gaba ne a wurinsa, su wa ke da rawaya? Yalo lab, bayin Allah da suka fi kowa sanyin hali a cikin mbuna.

Abin tausayi wallahi. Za ka ga yalo lab ya maƙale can sama a kusurwa bayan bututun filta, wutsiya duk a yage, launi ya dushe, ko ka zuba abinci ba ya iya saukowa. Duk wanda ya ga kifinsa ya koma kusurwar sama haka ya tsaya cik, ya cire shi a ranar kar ya ce sai gobe, don yawanci da daddare ko da asuba ake ƙarasa shi. Na rasa wasu daga cikinsu ta haka kuma har yanzu abin yana damuna.

Akwai kuma rigimar da ba a gani da ido, ta abinci. Mbuna hanjinsu dogo ne, an yi shi don ganye da gansakuka, idan suka yi ta cin abinci mai maiƙo da nama irin na oska sai cikinsu ya kumbura, su daina cin abinci, kashinsu ya koma fari siriri, cutar da ake kira kumburin Malawi kenan kuma tana kisa da sauri. A tanki ɗaya kuwa ba yadda za ka ce wane ci wannan wane ci wancan, mbuna ma sun fi kowa sauri wajen wawura. Ga shi oska yana ta girma, shi kuma dokarsa ɗaya ce, duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne.

Da na koma wurin mai shagon sai ya ce min in ƙara kifi, idan suka yi yawa faɗan zai ragu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma ba a nan ba. Wannan dabarar ta mbuna ce zalla, idan suna da yawa mai faɗan ba ya iya ware guda ɗaya ya yi ta bi, sai fushin ya rarrabu. Amma juwel da konbik masu gadin ƙwai ne su biyu-biyu, ko kifi nawa ka zuba ba za su bar wurinsu ba, sai ma ka ƙara musu waɗanda za su daka. Inda zan yaba masa dai bai yi gardama ba, ya karɓi oska da konbik da juwel da auratus da kenyi ya musanya min, bai ce sai na ƙara kuɗi mai yawa ba.

Yanzu abin da ke ciki 'yan Malawi ne kawai masu sauƙin hali, yalo lab da asei mai shuɗi da rawayar wutsiya, shi asei ma ya fi son yawo a sama don haka ba su cika takura wa juna ba. Kowane iri namiji ɗaya mata uku ko huɗu, don idan mace ɗaya ce namijin zai bi ta har ta galabaita, ga shi ita ke riƙe ƙwai a baki kusan sati 3 ba ta cin komai. Na tara duwatsu har kusan rabin tsayin tankin da ramuka da yawa yadda wanda aka kora zai ɓace wa mai korarsa, a kan gilashin ƙasa na dasa su kafin in zuba yashi saboda haƙa suke yi kar dutse ya rufto. Na saka kurungu ƙanana irin na Tafkin Tanganyika, su kam ba mai taɓa su saboda ƙayarsu, sai dai a kula wajen kama su da raga don ƙayar tana sarƙewa. Idan zan ƙara sabon kifi ba na saka ɗaya tilo, kuma sai na sauya wa duwatsun zama na kashe fitila, kowa ya shiga neman sabon wuri. Har yanzu ana ɗan kore-kore, siklid ne dole, amma ba yagewa ba mutuwa.

Abu ɗaya da mai shagon bai faɗa min ba kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mutanenmu shi ne batun wuta. Tanki mai kifi da yawa a kan filta yake rayuwa, idan aka ɗauke wuta na tsawon awanni iskar ruwan tana ƙarewa da sauri musamman a zafin Afrilu, za ka ga duk sun taso sama suna haki. Ku nemi famfon iska mai batir ko ku jona filtar a sola. Lokacin hunturu kuma hita dole ce, su tsakanin digiri 24 zuwa 28 suke so. Ni duk sati ina canza kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan, idan na famfo ne sai na sa maganin kashe kulorin.

Aikin tanki da filta zan ba shi 9 cikin 10 kuma gobe ma shi zan kira, haɗakar kifin kuwa 2 ma don musanyar da ya yi min ne. Duk wanda zai saya ya ce a gaya masa sunan kowane kifi da inda ya fito da girman da yake kaiwa kafin ya biya. Na kuma ga mai shagon ya fara kawo fulawahon, wani siklid mai ƙulun kai, wasu har suna tambaya ko za a haɗa musu shi da yalo lab, don Allah kar ku yi, wannan tankinsa daban shi kaɗai.