Kalkulas na Aji Ɗaya: Babban Zaure ko Ƙananan Rukunoni?

A jami'o'in Najeriya, ɗaliban kimiyya da injiniyanci na aji ɗaya dole ne su yi MTH 102, kwas ɗin kalkulas, wato lissafin saurin canjin abubuwa. Yaya za a tafiyar da shi?

Hanya ta farko, a tara kowa a babban zaure, malami ɗaya da lasifika. Tana da araha, kuma kowa ya ji abu iri ɗaya. Sai dai na bayan zaure kwafar allo kawai yake yi, in ma yana hangensa.

Ta biyu, a raba su rukuni-rukuni, kowanne da mataimakin malami, ana warware tambayoyi duk mako. A nan ake kama ɗalibin da ya rubuta cos 2x a matsayin saurin canjin sin 2x, ya mance da 2 ɗin gaba, alhali amsar ita ce 2 cos 2x. A zaure, sai ranar jarrabawa wannan kuskure zai fito fili, bayan aikin gama ya gama.

Ni dai ta biyun nake so, amma da tsada: ɗakuna, mataimaka, da tsarin ba da maki guda ɗaya, don kada wani rukuni ya ce an matse shi. Mataimakin da bai shirya ba kuwa, gara zauren.