Ruwan tankin kifin ado: abin da ake samu a Ingila da abin da ke hannunku a gida

'Yan uwa masu kiwon kifin ado a gida, ina gaisuwa. A nan Ingila, abin da mai shagon kifi yake fara tambaya shi ne daga wane gari ka zo, domin ruwan famfo ba ɗaya ba ne. Na Landan ya ratso ta ƙasar alli, yana da nauyi ƙwarai. Leƙa cikin butar shayi ta lantarki bayan wata guda, za ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta. Na Mancesta da na Gilasgo ta Scotland kuwa daga tafkunan duwatsu yake zuwa, mara nauyi ne. Kamfanin ruwa yana wallafa awon kowace unguwa a intanet, ka sa lambar unguwarka ka gani kyauta. Mai rijiyar burtsatse a Kano ko Zariya ba shi da wannan gatan, sai ya auna da kansa.

Awo uku ne. pH yana nuna tsamin ruwa, 7 ne tsakiya, kuma daga 7 zuwa 6 tsami ya ninka sau goma. GH shi ne nauyin ruwa, wato yawan ma'adinan da suka narke a cikinsa, abin da ke hana sabulu kumfa. KH kuma shi ke riƙe pH kada ya yi ta hawa da sauka, kuma shi ne wanda aka fi mantawa.

Kada ku kashe kuɗi kan takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa, ba ta cika faɗin gaskiya ba, musamman in ta sha zafi da damshi. Ku sa a kawo muku na ɗigo, irin na kamfanin API. A zuba ruwa mililita 5 a kwalba, a ɗiga magani ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa. A gwajin KH ruwan zai juya daga shuɗi zuwa rawaya, yawan ɗigon shi ne awon. Ruwan burtsatse a bar shi ya kwana a bokiti kafin a auna pH, saboda iskar da ke cikinsa tana fita, awon ya hau.

In KH ya yi ƙasa da 3, akwai haɗari. Kashin kifi da ragowar abinci suna cinye shi a hankali, rana ɗaya pH ya faɗi warwas, a wayi gari kifi suna mutuwa. Gram 3 na garin baking soda da ake sawa a kek a lita 100 yana ɗaga KH da awo ɗaya. A narkar da shi a kofi, a zuba kaɗan-kaɗan. Don Allah kada a sa kanwa a madadinsa, tana cilla pH sama lokaci guda kuma ba a san ƙarfinta ba. Haka ruwan da aka sa wa alif don ya kwanta, shi ma a guje shi.

In ruwan ya yi nauyi, kwalaben rage pH da suka cika shaguna a nan ɓarnar kuɗi ne: KH mai yawa yana mayar da awon inda yake cikin kwana ɗaya ko biyu, kifi ne ke shan wahalar. Masu kiwo a Landan jarka suke kaiwa shago a cika musu da tataccen ruwan RO, wanda na'ura ta cire wa ma'adinai, su gauraya rabi da rabi da na famfo, nauyin ya ragu da rabi. A gida ruwan sama mai tsabta zai yi wannan aikin, amma a bar na farko ya wanke kwanon rufi. Zallarsa kuwa ba a kiwon kifi a ciki.

Wani abu zai ba ku mamaki. Busasshen ganyen bishiyar almon ta Indiya, mai faffaɗan ganye da ke yin ja kafin ya faɗo, wadda ake sharewa a harabar makarantu a ƙone, a nan cikin leda ake sayar da shi. Ganye ɗaya a lita 40 yana mayar da ruwa launin shayi, ya ɗan sauke pH in KH ba shi da yawa.

Mafi sauƙi dai a zaɓi kifin da ya dace da ruwan: gofi da moli ga mai nauyi, tetra da beta ga mara nauyi. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tankin duk mako. Lokacin bazara, ruwan da zafi ya ƙafar a cike gurbinsa da na sama ko tatacce, domin ma'adinan suna nan a tanki, ƙara na burtsatse nauyi kawai yake tarawa.